Cutar da Ke Kashe Tsutsar Masara: Ina Gaskiya, Ina Ƙarya?

Tun da tsutsar nan mai cinye masara ta ɓulla a Najeriya a farkon 2016, ba manomin Funtuwa, Bakori ko Malumfashi da bai san ɓarnarta ba. Sai dai jefi-jefi akan tarar da ita a mace ba a yi feshi ba, ta yi baƙi, ta yi laushi, tana reto daga saman ganye. Da an taɓa ta sai ta fashe. Maganganu sun yi yawa a kan wannan.

Masu cewa cuta ce ta kashe ta, kuma tana yaɗuwa, sun yi gaskiya. Ƙwayar cutar bairos ce, ta baki take shiga. Tsutsa ta ci ganyen da ƙwayar ke kai, cutar ta hayayyafa a jikinta, ta hau saman shuka ta mutu. Ruwan jikinta ya ɗiga kan ganyen ƙasa, ruwan sama ya fantsama shi, tsuntsun da ya ci gawar ya kai ƙwayar wata gona a kashinsa. Shi ya sa tattara irin waɗannan gawarwaki, a daka, a tace, a fesa ba camfi ba ne. Manoman waken suya a Barazil sun daɗe suna yin haka.

Tsoron wai za ta kama mai cin masarar, ko shanun da suka ci karan, wannan ƙarya ce, kuma ita ta fi damuna, don tana sa a guji abu mai amfani. Ba ta kama mutum, dabba ko ƙudan zuma. Ko a cikin tsutsotsin ma cutar zaɓe take yi: wadda ke kashe ta masara ba lalle ta taɓa ta auduga ba.

Haka nan ba kowace gawa ce ta bairos ba. Wadda ta sandare, da farin gari ko kore a jikinta, wata cutar ce daban.

Mai jiran ya fesa yau ya ga gawa gobe zai ji haushi. Cutar takan ɗauki kusan mako, ta fi cin ƙananan tsutsotsi, kuma hasken rana na kashe ƙwayar.

Don haka, manomi, duba tsakiyar kan masararka tun tana ƙarama, ka yi feshin da yamma, ka kuma nuna wa malamin gona gawar kafin ka daka.