Inabin Da Ke Nuna Cikin Kwando

Asirtiko wani farin inabi ne da ake nomawa a tsibirin Santorini na ƙasar Girka, inda dutse ya yi aman wuta kimanin shekara 3,600 da suka wuce. Ruwan sama ƙalilan ne a can, ga iska mai ƙarfi. Don haka manoma kan naɗe rassan kurangar kamar kwando a ƙasa, 'ya'yan su nuna a ciki. Tokar dutsen kan riƙe raɓar dare, saiwoyi su sha. Ƙwaron filoksera, wanda ya halaka gonakin inabin Turai a ƙarni na 19, ya kasa zama a wannan ƙasa marar yumɓu. Kome zafin rana, inabin ba ya rasa tsaminsa. Wannan tsami shi masu shan farar giyarsa ke yabawa.