Yadda Za A Gane Dalilin Cinyewar Taya A Tsofaffin Motocin Jif

Kamar yadda jama'a suka sani, tsofaffin motocin jif da a-kori-kura irin su Land Cruiser da Pajero da Hilux su ne ƙafar al'umma a ƙauyukan kwarin Rima. Da su ake kai marasa lafiya asibiti a Birnin Kebbi ko Argungu, da su ake rarraba takin zamani da allurar rigakafi, kuma da su ma'aikatan ƙananan hukumomi ke zagayen aiki. Sai dai sau da yawa akan sayi sababbin tayoyi, amma kafin damina ta fita gefe guda ya suɗe. Muna son masu motoci da jami'an sufuri su fahimci cewa irin wannan cinyewa alama ce ta wata cuta a ƙafar mota, kuma sauya taya ba tare da gano cutar ba asarar kuɗi ce da kasada da rayuka.

Hanyoyinmu na da hannu a cikin matsalar. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa na haƙa ramuka a hanyoyin fadama, da rani kuma hanyar burji na yin gargada. Duk sa'ad da ƙafar mota ta faɗa rami da ƙarfi, musamman ɗauke da buhunan shinkafa, saitinta na iya gocewa. A tsohuwar mota kuwa, robobi da mahaɗan ƙafa sun riga sun saki, don haka gocewar ta fi sauƙi.

Abu na farko shi ne a ajiye mota a wuri mai lebur, a karya sitiyari gefe guda, a dubi fuskar tayar gaba tun daga ciki har waje. Idan tsakiya ce ta cinye, iska ta yi yawa. Idan gefuna biyu ne suka cinye tsakiya na nan da zanenta, iska ta yi kaɗan ko lodi ya wuce ƙima. Waɗannan biyun ba sa bukatar bakanike. Gejin iska ya wadatar. Adadin iskar da ta dace na rubuce a jikin ƙofar direba ko littafin mota, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta ɗauki zafi. Kada a rage iska bayan doguwar tafiya a zafin watan Afrilu, domin idan taya ta huce iskar za ta gaza.

Idan kuwa gefe ɗaya kaɗai ya cinye, ciki ko waje, to saitin ƙafa ne ya goce. Ko dai ƙafar ta karkata maimakon ta tsaya ƙyam, ko kuma bakin tayoyin gaba ya matse ciki ko ya buɗe waje. Domin gane na biyun, a shafa tafin hannu a kan zanen taya daga ciki zuwa waje, sannan a dawo. Idan ana jin santsi ta ɓangare ɗaya da kaifi ta ɗayan, kamar haƙoran zarto, tayar na jan ƙasa ne a kaikaice. Lissafin na da sauƙi: tayar da faɗinta ya kai santimita 75, idan ta goce da milimita 3 kacal, tana gogar kwalta a kaikaice kimanin mita 4 a kowace kilomita. A tafiyar kusan kilomita 50 tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, hakan ya kai mita 200.

Har ila yau, idan cinyewar ta zo tsalli-tsalli, nan kwari nan tudu kewaye da taya, a tuhumi shokazoba ko rashin daidaiton nauyin wili. Alamar hakan ita ce rawar sitiyari idan mota ta ɗauki gudu. Motar da ke janyewa gefe guda a kan miƙaƙƙiyar hanya, ko wadda sitiyarinta ke zama a karkace alhali tana tafiya sak, ita ma tana bukatar a duba ta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne garzayawa wurin saiti kai tsaye. Kafin nan, a ɗaga ƙafar gaba da jak, a tokare motar sosai, a kama taya dama da hagu a girgiza. Idan ta yi wasa, mahaɗin sandar sitiyari ya lalace. A sake kamawa sama da ƙasa. Wasa a nan na nuna boljoyin ko boris. Saitin da aka yi a kan sassan da suka saki ba ya wuce ramin farko. Tsarin da ya dace shi ne a gyara iska, a sauya sassan da suka mutu, a yi saiti a wurin da ke da na'ura, sannan a ɗaura sabuwar taya.

Bugu da ƙari, a riƙa sauya wa tayoyi wuri tsakanin gaba da baya a kowace kilomita 8,000 zuwa 10,000, kuma duka huɗun su kasance girma ɗaya. Tayar da zurfin zanenta ya gaza milimita 1.6, ko wayarta ta fito, ko ta yi ƙulu a gefe, ta gama aiki. Masu sayen ta gwanjo su karanta lambobi huɗu da ke jikinta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana gargaɗi kan tayoyin da suka tsufa.

Don haka muna kira ga jami'an sufuri na ƙananan hukumomi 21 na jihar Kebbi da su buɗe wa kowace mota littafi, a rubuta ranar ɗaura taya da adadin kilomita da yanayin cinyewarta kowane wata. Direbobi kuma su kai rahoto da zarar sun ga alama, kada su jira taya ta fashe da majinyaci a cikin mota. Allah Ya kiyaye hanya.