Amurka ta janye rangwamen haraji: wa zai iya sayen motar lantarki?

Tun bayan ranar 30 ga watan Satumba na shekarar 2025, duk Ba'amurken da ya je wurin dillali don sayen mota mai aiki da wutar lantarki, shi zai biya kuɗinta cif, babu wani ragi daga gwamnatin tarayya. Rangwamen haraji da ya kai dala 7,500, wanda aka kwashe fiye da shekaru 15 ana bayarwa, ya ƙare a wannan rana, bisa dokar da shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga watan Yuli na shekarar. Masu karatu su lura, dalar da za mu riƙa ambata a nan ta Amurka ce, ba tamu ta kasuwa mai tamma biyar ba. In mun juya wannan rangwame zuwa kuɗinmu, ya haura miliyan 4 na sefa a kan kowace mota guda.

To, kuɗi masu yawa haka, wa ya ci moriyarsu? Kuma yanzu da aka janye su, me ya faru a kasuwa? Waɗannan su ne tambayoyin da za mu bi sannu a hankali, don amsarsu tana nuna yadda tallafin gwamnati ke iya kaiwa ga mai ƙaramin ƙarfi, da kuma yadda yake iya tsallake shi.

Yadda abin ya faro

A shekarar 2008, zamanin shugaba George W. Bush, majalisar dokokin Amurka ta kafa wannan rangwame, aka faɗaɗa shi a 2009 bayan hawan Barack Obama. Dalili shi ne tsadar bateri, wanda shi ne zuciyar motar lantarki. A 2010, kowane kilowat-awa na bateri, wato ma'aunin nan da ake lissafa kuran da shi a takardar biyan kuɗin wuta, yana cin fiye da dala 1,000, alhali mota guda tana bukatar gomman kilowat-awa. Tunanin hukuma a lokacin shi ne, in ta rage wa masu saye nauyi, kamfanoni za su ƙera da yawa, in kuma suka ƙera da yawa, farashi zai sauko da kansa.

Sai dai yadda aka tsara abin tun farko yana da tarko. Mutum zai fara biyan kuɗin motar gaba ɗaya, sai shekara ta zagayo, lokacin biyan harajin abin da ya samu, sannan a cire masa rangwamen daga cikin abin da ake bin sa. Wanda ake bi dala 7,500 ko fiye, zai ci rangwamen duka. Wanda kuwa ake bi dala 2,000 kawai saboda albashinsa bai taka kara ya karya ba, iyakar abin da zai samu ke nan, sauran ya bi ruwa. Ofishin bincike na majalisar dokokin ƙasar ya duba takardun shekarar 2016, ya tarar kusan kashi 78 cikin 100 na waɗanda suka karɓi rangwamen mutane ne masu samun dala 100,000 ko fiye a shekara.

Akwai kuma wani sharaɗi: kamfanin da ya sayar da motoci 200,000, rangwamen abokan cinikinsa zai yi ta raguwa har ya ƙare. Tesla da General Motors sun kai wannan iyaka a 2018, kafin tsakiyar 2020 masu sayen motocinsu sun daina samun komai.

Gyaran shekarar 2022

Ranar 16 ga watan Agusta na 2022, shugaba Joe Biden ya sa hannu a kan wata babbar doka da aka kira dokar rage hauhawar farashi, wadda ta sake fasalin rangwamen. An soke iyakar motoci 200,000. An hana masu hannu da shuni: wanda ke biyan haraji shi kaɗai, in samunsa ya wuce dala 150,000 a shekara, ba ya ciki, haka ma miji da mata da samunsu a haɗe ya wuce 300,000. An kuma hana motocin alfarma: ƙaramar mota kada farashinta ya wuce dala 55,000, manya irin su kat-kat da a-kori-kura kada su wuce 80,000.

Abubuwa biyu ne a cikin dokar suka fi kusa da talaka. Na farko, a karon farko an ba mai sayen mota ta hannu nasa rabo: kashi 30 cikin 100 na farashi, iyaka dala 4,000, muddin motar ba ta wuce 25,000 ba kuma a hannun dillali aka saye ta. Na biyu, daga 1 ga watan Janairu na 2024, an daina jiran ƙarshen shekara. Nan take dillali ke cire rangwamen daga farashi, shi kuma ya karɓi kuɗinsa daga baitulmali, ko da harajin da ake bin mai sayen bai kai haka ba. Shekaru 15 aka yi kafin a gyara wannan tarko, gyaran kuwa watanni 21 kacal ya yi yana aiki.

Amma dokar ta zo da wata manufa ta daban, wadda sanata Joe Manchin na jihar West Virginia ya nace a kanta kafin ya ba da ƙuri'arsa: a raba masana'antun Amurka da dogaro ga ƙasar Sin. Don haka dole ne a harhaɗa motar a Amurka, ko Kanada, ko Meziko. An raba rangwamen gida biyu, dala 3,750 in ma'adinan baterin sun fito daga Amurka ko ƙasashen da take da yarjejeniyar ciniki da su, wata 3,750 in an ƙera sassan baterin a Arewacin Amurka. Wannan ya sa motoci da dama suka faɗi daga jerin masu cancanta, har da na Koriya ta Kudu da Japan da Turai da ake shigowa da su.

Kamfanoni ba su zauna ba, sai suka gano ƙofar baya. Wani sashe na dokar ya ba kamfanin da ya sayi motar lantarki don kasuwanci rangwamen dala 7,500 ba tare da waɗancan sharuɗɗa ba, ma'aikatar kuɗi kuma ta amince cewa motar da ake bayarwa haya ta shekara biyu ko uku tana cikin wannan sahu. Nan da nan haya ta zama babbar hanyar mallakar motar lantarki, har ta kai wajen rabin sababbin motocin lantarki da ake fitarwa daga hannun dillalai. Ta wannan ƙofa, attajirin da aka hana shiga ta gaba ya shigo, da motarsa ƙirar waje.

Bayan an rufe famfo

Masu adawa da rangwamen, akasarinsu ƴan jam'iyyar Republican, sun daɗe suna cewa bai dace a ɗauki harajin mai tuƙa tsohuwar motar isansi a tallafa wa wanda ya fi shi ƙarfi ba, kuma ba aikin gwamnati ba ne ta zaɓa wa mutane motar da za su hau. Masu goyon baya kuwa suna nuni da masana'antun da aka gina, kamar ta Hyundai kusa da birnin Savannah a jihar Georgia, wadda aka kasafta mata fiye da dala miliyar 7, suna cewa janye tallafi tamkar miƙa wa Sin kasuwar gobe ne. Ɓangaren farko ne ya yi rinjaye a majalisa a 2025.

Da wa'adi ya matso, jama'a suka yi rububi. Daga Yuli zuwa Satumba na 2025 an sayar da motocin lantarki fiye da 430,000, wato sama da mota ɗaya cikin goma, abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar. Watan Oktoba na kamawa, ciniki ya faɗi warwas. A Disamba, kamfanin Ford ya sanar da asarar dala miliyar 19 da rabi a kan shirye-shiryensa na lantarki, ya kuma dakatar da ƙera a-kori-kurarsa F-150 Lightning mai aiki da bateri zalla.

Wani abin lura shi ne yadda farashi ya motsa. Kwana ɗaya bayan ƙarewar rangwamen, Hyundai ya rage kuɗin motarsa Ioniq 5, a wasu nau'o'in ragin ya kusa dala 10,000. Mako guda bayan haka Tesla ya fito da nau'o'in Model 3 da Model Y da aka rage wa ƙawa, a ƙasa da dala 40,000. Mai karatu na da damar tambaya: in ana iya wannan ragi, me ya hana a yi shi tun da can?

Abin da wasu suka yi

Amurka ba ita kaɗai ta bi wannan hanya ba. Jamus ta yanke nata tallafin ba zato ba tsammani a watan Disamba na 2023, a shekarar da ta biyo baya cinikin motocin lantarki a ƙasar ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu.

Faransa ta gwada wata dabara a Janairun 2024, ta nufi ma'aikata masu ƙaramin samu kai tsaye, waɗanda ke zaune fiye da kilomita 15 daga wurin aiki ko suke yawan tafiya saboda aiki. An ba su hayar sabuwar mota a kan wajen yuro 100 a wata, wato jika 65 da ƴan kai. Cikin makonni shida aka karɓi buƙatu 50,000, aka rufe rajista, don gwamnati na zuba har yuro 13,000 a kan kowace mota. Darasin a fili yake: mai ƙaramin ƙarfi yana son motar, abin da zai biya a wata ne ke tsayar da shi, kuma kai masa tallafi yana da tsada ga baitulmali.

Sin kuwa ta ɗauke wa masu saye harajin saye na kashi 10 cikin 100 daga 2014 zuwa ƙarshen 2025, ta kuma zuba dukiya a masana'antun bateri, kamfanoni suka yi ta gasa. A 2024 kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a ƙasar masu shan caji ne, ƙaramar motar BYD mai suna Seagull kuwa wajen dala 10,000 ake sayar da ita a can. A wannan shekarar ce gwamnatin Biden ta ɗora kuɗin duwan na kashi 100 cikin 100 a kan motocin lantarki na Sin. Ke nan, a daidai lokacin da Amurka ke rage wa mai saye dala 7,500 a kan motar da matsakaicin farashinta ya haura 50,000, ta rufe ƙofa ga wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na wannan kuɗi ba.

Ina aka dosa?

Ba za mu ce rangwamen bai yi komai ba. Shi da irinsa a wasu ƙasashe sun taimaka aka ƙera motoci da yawa, farashin bateri ya sauko zuwa wajen dala 115 a kan kilowat-awa a 2024, kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da yake a 2010. Amma a mafi yawan shekarunsa a Amurka, waɗanda ke da halin sayen sabuwar mota ne suka fi cin gajiyarsa, alhali mafi yawan Amurkawa mota ta hannu suke saye. Su kam, abin da zai kai su ga motar lantarki shi ne dubban motocin hayar nan da wa'adinsu ke cika, suna komawa kasuwa da rahusa.

Mu ma nan, a wannan layi muke, can daga baya. Akasarin motocin da ke yawo a Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa sun yi shekaru a hannun wani a Turai ko Amurka kafin su sauka a tashoshin ruwan maƙwabtanmu. Abin da Ba'amurke ko Bafaranshe ya iya saye a yau, shi dillalanmu za su baje mana nan da shekaru goma, kuma shi makanikanmu za su koyi gyarawa.