Shafin godiya: Abin da marubuta masu buga littafi da kuɗin aljihunsu ke faɗa kafin labari ya fara

Duk wanda ya taɓa karɓar hayar littafin Hausa a shagon unguwa, ko ya saya a wajen masu littattafai na Bata ko Kasuwar Sabon Gari a Kano, ya san cewa ba a shafin farko labari ke farawa ba. Sai an wuce Sadaukarwa, an wuce Godiya, wani lokaci har da Tukuici da Jinjina da Gargaɗi, kafin a ji sunan tauraruwar labarin.

Yawancin masu karatu tsallake waɗannan shafuka suke yi saboda zumuɗin shiga labari. Amma a nan ne kaɗai marubuci ke magana da bakinsa ba da bakin taurarinsa ba. A nan yake faɗin waɗanda suka tallafe shi, da abin da yake fatan littafin ya cimma.

Tsarin kusan iri ɗaya ne. Ana farawa da godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, sai iyaye, sai miji idan marubuciyar matar aure ce, sai malamai. Daga nan sai jerin sunayen da ba kasafai ake ganin irinsu a littattafan manyan kamfanoni ba: wanda ya buga rubutun a kwamfuta, wanda ya zana bango, ɗan kasuwar da ya ɗauki nauyin ɗab'i, ƙawar da ta fara karanta labarin tun yana cikin littafin makaranta, da masu karatun da suka aiko wasiƙa.

Wannan jeri shi ne ainihin tarihin yadda littafin ya fito. Marubucin da ba shi da kamfani a bayansa, waɗannan mutanen su ne kamfaninsa.

Yadda marubuta suka koma dogaro da kansu

Ƙagaggen labarin Hausa na boko a hannun hukuma ya taso. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ce ta samar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara. Bayan haka hukumar NORLA ta yi zamaninta, sannan aka kafa kamfanin NNPC a Zariya a 1966. A wancan lokaci, wanda bai samu shiga ta ɗaya daga waɗannan ƙofofi ba, rubutunsa a akwati yake ƙarewa.

Gasar da NNPC ya shirya ce ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, littafin da ya buɗe wa mata hanya. Sai dai cikin 'yan shekaru kaɗan al'amura suka sauya. Tattalin arzikin Najeriya ya shiga matsi, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, kamfanonin ɗab'i suka karkata ga littattafan makaranta da ke da tabbacin ciniki.

A daidai lokacin kuma masu iya karatu sun ƙaru. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da azuzuwan yaƙi da jahilci, musamman a Kano, sun samar da dubban matasa da matan aure da ke iya karanta Hausa amma ba su da sabon abin karantawa.

Sai marubuta suka daina jira. Mutum ya rubuta, ya tara kuɗi ko ya ranta, ya kai maɗaba'a, ya ɗauko kwali a ka ya raba wa masu shaguna, ya riƙa komawa karɓar ciniki. Ana raba labari kashi biyu ko uku, kuɗin na ɗaya ya buga na biyu. Idan na ɗaya bai karɓu ba, mai karatu ba zai taɓa jin ƙarshen labarin ba.

Suka kuma kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya domin taimakon juna. A littafin ɗan ƙungiya za ka tarar da jerin littattafan sauran abokansa, kowa na tallata ɗan'uwansa.

A ƙasashen Turawa, buga littafi da kai bai zama babbar harka ba sai bayan da kamfanin Amazon ya buɗe dandalinsa na marubuta a 2007. Ta wannan hanya Andy Weir na Amurka ya fitar da The Martian, wanda aka mayar fim a 2015. Marubutan Kano sun riga su da kimanin shekara 20, ba intanet, ba tallafin kowa.

Balaraba Ramat: burin da aka rubuta cikin labari

Idan ana neman misalin marubuciyar da burinta ya fito fili a aikinta, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu na sahun gaba. Ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, amma hakan bai hana a cire ta daga makaranta a yi mata aure tana da kimanin shekara 13 ba. Daga baya ne ta koma karatu ta hanyar ajin manya, kuma a 1987 ta fitar da littafinta na farko, Budurwar Zuciya.

Wa Zai Auri Jahila? ya ɗauko wannan tabo kai tsaye. Abu yarinya ce 'yar ƙauye da aka hana ta ci gaba da karatu, saurayin da aka sa rai zai aure ta ya guje ta saboda rashin ilimi, aka aurar da ita ga dattijo sa'an mahaifinta. Ta gudu birni, ta nemi ilimi, ta zama ma'aikaciyar jinya.

Ƙarfin littafin yana cikin tambayar da ke jikin sunansa: al'ummar da ta hana yarinya karatu ita ce kuma ke goranta mata jahilci. Rauninsa shi ne saurin da abubuwa ke daidaita wa Abu bayan ta shiga birni, har mai karatu ya ji kamar marubuciyar ta ƙagu ta saka wa tauraruwarta. Duk da haka, surorin farko da ke nuna yadda manya ke yanke hukunci a kan yarinya ba tare da an ji ta bakinta ba, har yau suna da zafi.

Alhaki Kwikwiyo Ne, wanda ya fito a 1990, ya fi shi nuna gwaninta. Rabi na da 'ya'ya tara da ɗan kasuwa Alhaji Abdu, wanda ke ƙuntata wa gida yana kashe kuɗi a waje. Ya auro Delu, rikici ya tashi, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Ta kama sana'ar sayar da abinci, ta riƙe yaran, 'yarta Saudatu ta samu miji nagari mai hali. Shi kuwa Alhaji Abdu gobara ta cinye masa shago, dukiya ta ƙare, Delu ta juya masa baya.

Da a nan labarin ya tsaya, da ya zama wa'azin da aka saba ji. Amma sai aka taru a kan Rabi ana matsa mata ta koma wa mutumin da ya wulaƙanta ta, yanzu da ba shi da komai, ita ce ma za ta ciyar da shi. Marubuciyar ba ta ce wa mai karatu wannan adalci ne ko zalunci ba, ta bar shi da ɗacin abin. Wannan ƙarshe ne ya sa littafin ya daɗe a bakin manazarta.

An mayar da shi fim a shekarun 1990, sannan a 2012 kamfanin Blaft da ke Chennai a Indiya ya buga fassarar Turanci da Aliyu Kamal ya yi. Littafin da aka fara rabawa a shagunan Kano ya isa hannun masu karatu a wasu nahiyoyi.

In Da So Da Ƙauna: littafin da ya zama ma'auni

Ta ɓangaren maza, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, shi ne ake yawan kafa misali da shi. Sumayya 'yar masu kuɗi ta kamu da son Muhammad talaka, dangi suka fi son attajiri Abdulƙadir, matsin ya kai ta ga faɗawa rijiya.

Mai karatun yau zai iya ganin zancen soyayyar ya yi tsawo, miyagun taurarin kuma ba su da wani gefe mai kyau ko kaɗan. Amma littafin ya yi abin da na gabansa ba su cika yi ba: ya bar matasa suna magana da harshen da suke magana da shi a zaure da ƙofar gida, ya kuma ɗora laifin auren dole a kan kwaɗayin abin duniya. An yi fim ɗinsa, an fassara shi zuwa Turanci, kuma a 2014 marubucin ya samu lambar girmamawa ta ƙasa ta MON.

Suka, ƙonawa da tacewa

Ba kowa ne ya yi maraba da wannan adabi ba. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya laƙaba masa suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da ƙananan littattafan kasuwar Onitsha da suka yi tashe suka shuɗe. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu da Farfesa Yusuf Adamu da ɗan jarida Ibrahim Sheme suka shiga muhawarar, aka shafe shekaru ana kai-komo a shafukan jaridu.

Masu suka na da hujjojinsu: kura-kuran rubutu, rashin tacewa, kwaikwayon finafinan Indiya, da maimaita jigo ɗaya. Masu kariya kuma na cewa waɗannan littattafai ne suka riƙe al'adar karatu a lokacin da babu wanda ke bugawa, kuma su ne suka ba mata damar magana kan kishi da saki da auren wuri.

A 2007 an ƙona wasu littattafai a bainar jama'a a Kano bisa zargin ɓata tarbiyya. A shekarar da ta biyo baya Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta jihar ta nemi marubuta su yi rajista a kuma riƙa duba ayyukansu, abin da ya jawo doguwar taƙaddama da ƙungiyoyin marubuta.

Wannan yanayi ya ƙara wa shafukan farko nauyi. Gargaɗin cewa labari ƙirƙira ne ba a yi don wani ko wata ba, da jaddada cewa an yi shi don faɗakarwa, da godiya ga miji ko mahaifi da ya ba da izini, duk garkuwa ce. Marubuciya na nuna wa duniya cewa da sanin gidansu take wannan aiki.

Daga kwali zuwa waya

Yau akasarin sababbin labarai ba sa ganin maɗaba'a. A WhatsApp da Facebook da Wattpad ake sakin su shafi-shafi. Marubuciya kan ba da somin-taɓi kyauta, wanda ke son ci gaba ya tura kuɗi ta banki ko katin waya a saka shi a zauren waɗanda suka biya. Wasu kuma a YouTube suke sauraron labarin ana karanta musu.

Shafin godiya bai mutu ba, sauya wuri ya yi. Yanzu a saman kowane shafi ake ganinsa: gaisuwa ga ƙungiyar marubuciyar, sadaukar da shafin yau ga wadda ta fi kowa sharhi jiya, addu'a ga mai karatun da ta haihu ko aka yi wa rasuwa. Sau da yawa kuma da ƙorafi a biye, cewa idan sharhi ya yi ƙasa za a dakatar da labarin.

A nan matsalar take. Abin da ake kira sharhi a waɗannan zauruka galibi yabo ne da zagin mugun tauraro da roƙon a ƙara yawan shafi. Yana ƙarfafa gwiwa, amma ba ya gaya wa marubuci inda zaren labarinsa ya tsinke, ko inda ya ja abu ɗaya har ya gundura. Wanda ya yi ƙoƙarin gyara kuwa, nan da nan a ce hassada ce.

Ga kuma satar fasaha. Labarin da aka kwana ana bugawa da babban yatsa, cikin minti ɗaya wani zai kwafe shi ya watsa a zaurukan da ba a biya ba. Dandalin ma ba abin dogaro ba ne har abada: manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Najeriya da dama suka sayar da littattafai a kanta, ta rufe a ƙarshen 2023.

Littattafan takarda na shekarun baya sun samu masu adana su. Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun tattara sunayen waɗanda suka fito daga 1987 zuwa 2002 a kundi guda. Labarin da ke cikin waya kuwa, in wayar ta faɗa ruwa ko aka rufe zauren, yana iya tafiya ke nan.

Abin da marubuta ke hari yanzu

Burin marubutan farko shi ne su ga sunansu a bangon littafi, su kuma mayar da kuɗin da suka zuba. Na yanzu sun ƙara da wasu: a sayi labarinsu a yi fim mai dogon zango, a fassara su, ko su yi nasara a gasa.

Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata, ta nuna abin da ke faruwa idan aka gindaya ƙa'ida. An iyakance yawan kalmomi, alƙalai na duba jigo da salo da ƙa'idojin rubutu. Marubuciyar da ta saba jan labari wata da watanni sai ta koyi faɗin abu mai nauyi a shafuka kaɗan. Aisha Muhammad Sabitu ce ta lashe zagayen farko da labarinta Sansani, kan waɗanda rikici ya raba da gidajensu.

Sai dai gasa sau ɗaya take zuwa a shekara, kuma mutum uku ne ke hawa mumbari. Sauran ɗaruruwan na komawa zaurukansu, inda har yanzu babu mai tace rubutu, babu mai sharhi na gaskiya, babu yarjejeniyar da ke kare haƙƙinsu.

A shafukan godiya na da, akwai layin da ake yawan keɓe wa wanda ya duba littafi ya gyara kura-kurai, wani lokaci malamin Hausa na sakandare, wani lokaci abokin rubutu. A labaran waya na yau, wannan suna ne aka fi rasawa a jerin waɗanda ake gode wa.