Tebur Daga Tsohon Kwali: Abin Da Za Mu Iya Yi A Gida

'Yan'uwa, duk wanda ya je wurin kafinta a Mashi ko Daura ya san katako ya yi tsada. Yawancinsa daga kudu ake kawo shi, ga kuɗin mota. Itatuwan da suka rage mana kuwa su ne garkuwarmu daga iska da rairayi. Shi ya sa a gidaje da yawa ake ajiye kwanon abinci a ƙasa, inda ƙura da kaji da awaki ke kaiwa gare shi. A gefe guda kuma, kullum ana ƙona kwalayen taliya da na sabulu a bayan shaguna. Wannan kwalin zai iya zama tebur.

Yadda ake yi a masana'anta

A Amurka akwai kamfanonin da ke yin saman teburin ɗakin girki da takarda. Kamfanin Richlite yana garin Tacoma tun 1943. Akwai kuma PaperStone, wanda ake yi da takardar da aka riga aka yi amfani da ita. Suna jiƙa takarda da wani irin ƙaro, su jera ta ɗaya bisa ɗaya, su matse da inji mai zafi har ta zama allo mai tauri wanda ruwa ba ya shiga. Sai dai yana da tsada, kuma ba mu da injin. Abin da za mu ɗauka shi ne dabarar: takarda ɗaya ba ta da ƙarfi, amma idan aka liƙa da yawa, aka danne, aka busar, sai ta ɗauki kaya.

An gwada a Afirka

A ƙasar Zimbabuwe, wani malami mai suna Bevill Packer ya koyar da yin kujeru da tebura da kwali, tsohuwar takarda da kunun fulawa. Ya rubuta littafi a kan hanyar. Ƙungiyar Cerebral Palsy Africa ta koyar da ita a ƙasashe irin su Gana da Kenya, inda ake yi wa yara masu naƙasa kujerun zama daidai jikinsu. Idan kwali ya ɗauki yaro, zai ɗauki kwano da littafi.

Kayan aiki

Kwali busasshe mai tsabta, tsofaffin jaridu, takarda mai ƙarfi kamar ta tsohuwar kalanda, fulawa ko sitacin rogo, wuƙa mai kaifi, bulo ko duwatsu, da fenti mai sheƙi irin na ƙofa.

Matakai

1. A dama fulawa da ruwan sanyi, a zuba tafasasshen ruwa ana juyawa, har ya yi kaurin koko. A dama na rana ɗaya kawai, domin yana tsami.

2. A yanka kwali 4 ko 5 girma ɗaya. A duba bakin kwalin, za a ga ramuka a jere. Idan na farko ramukansa sun bi tsawo, na biyu su bi faɗi, haka har na ƙarshe. Nan ƙarfin yake.

3. A shafa kunun sama-sama, a liƙa. Idan ya yi yawa kwalin zai jiƙe ya lanƙwashe.

4. A shimfiɗa a daɓe mai santsi, a rufe da jarida, a ɗora wani abu mai faɗi, a danne da bulo. A riƙa canza jaridar har ya bushe sarai. A inuwa ake busarwa, rana tana karkata shi.

5. A liƙe bakin allon da tsinken takarda mai ƙarfi, sannan a rufe sama da ƙasa. Kada a bar kafar da kyankyaso zai shiga.

6. In ya bushe a shafa fenti sau 2 ko 3.

Ana iya ɗora allon a kan bulo ko tsohon ƙarfen tebur.

Abin lura

Wannan allo bai kai na masana'anta ba. Maƙiyansa ruwa, gara da ɓera. Kada ya taɓa ƙasa ko bangon laka. Kada a ɗora masa tukunya daga wuta, kada a yanka nama a kansa, kada a ajiye shi kusa da murhu ko randa. A rufe shi da leda, in abu ya zube a goge nan take. Da damina a riƙa duba ƙarƙashinsa.

Lokacin hunturu ya fi dacewa da aikin, domin iska a bushe take. Muna ba zumuntar mata da matasa shawara su fara da ƙaramin allo ɗaya, su gwada shi wata guda kafin su yi babba ko su kai kasuwa. In ya yi kyau, yaran makarantar Lahadi ma za su sami abin ɗora littafi.

Tambayoyi don tattaunawa

Ina kwalayen shagunan garinmu suke ƙarewa? Wa zai yi magana da masu shago su riƙa tara mana? Akwai yaro a cikinmu da ba ya iya zama da kansa, wanda irin wannan kujera za ta taimaka?