Percy Girouard, injiniyan da ya ja dogo zuwa Kano

An haifi Percy Girouard a Montreal ta Kanada a 1867. Injiniyan soja ne, shi ya shimfiɗa dogo cikin hamadar Sudan a 1897. Da Ingila ta ba shi mulkin Arewacin Najeriya a 1907, ya sa aka fara layin Baro zuwa Kano, talakawa na haƙa bisa aikin tilas. Jirgin ƙasa mai cin kwal ya shiga Kano a 1911, bayan an mai da shi Kenya. Cinikin gujiya ya bunƙasa, ayarin Sahara ya ja baya.

Sai dai reshen da ya doso Adar ya tsaya Ƙaura Namoda a 1929. Har yau albasar Keita, Buza da Madawa cikin manyan motoci take fita.