Amsterdam Da Batun Tashin Unguwar Karuwai

A tsakiyar birnin Amsterdam na ƙasar Holand, kewaye da majami'ar da ta fi kowane gini daɗewa a garin, akwai wata unguwa da ake kira De Wallen. Tun zamanin da jiragen ruwa ke tsayawa kusa da wurin, ma'aikatan jiragen suke zuwa neman mata a unguwar. Mace takan kama hayar ɗan ɗaki mai tagar gilashi da jar fitila, ta tsaya a ciki masu wucewa suna ganinta. A shekarar 2000 gwamnatin Holand ta soke dokar hana gidajen karuwai, bisa tunanin cewa abin da ke fili ya fi sauƙin sa wa ido.

Ba a jima ba hukuma ta lura kawalai da masu fataucin mata sun sami gindin zama, wasu gidajen kuwa sun zama maɓoyar kuɗin haram. Saboda haka a 2007 aka fito da shiri mai suna 1012, watau lambar gidan waya ta unguwar. Aka yi ta sayen gidajen ana mai da su kantuna, har tagogin suka ragu daga kusan 480 zuwa wajen 330. A 2015 matan suka yi zanga-zanga, suna cewa masu gidaje sun karɓi diyya, su kuwa an bar su ba wurin aiki.

Sa'an nan wata matsalar ta yi tsanani, ita ce cunkoson 'yan yawon buɗe ido masu zuwa kallo kawai, suna ɗaukar hoton matan, suna hana maƙwabta barci. Femke Halsema, wadda ta zama magajiyar gari a 2018, ta ba da shawarar a gina babban gida mai ɗakuna 100 nesa da tsakiyar gari, a rufe tagogi 100 a De Wallen. A Disamba 2023 aka zaɓi fili a kudancin birnin.

Nan take aka ja daga. Mazauna kudancin suka ce ba za a kawo musu ba. Hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai, wadda ta ƙaura daga Landan zuwa Amsterdam a 2019, daga baya ta koma wannan yanki, ta riga ta nuna damuwa saboda ma'aikatanta. Matan kuma da yawa suka ƙi, hujjarsu ita ce taron jama'a shi ne tsaronsu: a bakin taga mace tana ganin mutum kafin ta buɗe ƙofa, in ta yi ihu a ji. Wadda ta rasa taga takan koma aiki a ɓoye, inda kawali ya fi iko da ita. An gudu ke nan ba a tsira ba.

Birnin Antwerp na Beljiyam bai tashi unguwarsa ba. Ya tsuke ta zuwa tituna 3, aka buɗe gidan Villa Tinto a 2005 da ofishin 'yan sanda a ciki.

Abin lura shi ne, tashin unguwa yana ɗaga darajar filaye, amma ba ya kawar da talauci da bashin da ke kai mace ga wannan sana'a. Duk hukumar da za ta yi haka, ya kamata ta fara sanin inda matan za su kwana gobe, da wanda zai ji kukansu a can.